Gulutatayon: Sinadarin da Ke Kare Ƙwayoyin Halittar Tsiro, Dabba da Ɗan Adam

Gabatarwa

Duk manomin da ya taɓa mance fartanyarsa a gona ta kwana biyu cikin ruwan sama ya san tsatsa. Haka kuma uwargidan da ta fere doya ta ajiye ta ga ta sauya launi, ko ta adana man gyaɗa ya daɗe har ƙamshinsa ya juya. Abu guda ne ke haddasa waɗannan duka, wato iskar oksijin, wadda ke cin duk abin da ta samu a buɗe. Wannan iska ita ce muke shaƙa mu rayu, kuma irin ɓarnar da take yi wa ƙarfe tana ƙoƙarin yin ta a cikin jikin mutum da dabba da tsiro kowace rana. A yayin da ƙwayar halitta ke ƙona abinci don samun ƙarfi, wani ɗan kaso na oksijin yakan kuɓuce ya zama wasu burbushi masu zafin nama, waɗanda ke far wa kitsen da ya kewaye ƙwayar, da furotin, da kuma kundin gado da ke cikinta.

Allah cikin ikonSa bai bar ƙwayar halitta ba tare da kariya ba. Daga cikin masu tsaronta, wanda ya fi yawa shi ne wani ɗan ƙaramin sinadari da ake kira gulutatayon. A 'yan shekarun nan sunansa ya shigo kasuwa, ana tallar ƙwayoyinsa da alluransa, har malaman gona kan sha tambaya a kansa. Manufar wannan bayani ita ce a fayyace mene ne shi, da aikin da yake yi, da kuma inda lamarin ya shafi gona kai tsaye, domin hanyarsa daga ƙasar noma ta fara.

Mene ne gulutatayon?

Wani masani ɗan Faransa mai suna de Rey-Pailhade ne ya fara lura da shi cikin yis a 1888. A 1921 kuma Frederick Gowland Hopkins na jami'ar Kambirij a Ingila ya ware shi ya sa masa sunan da ake kiransa da shi yau. An gano cewa tubala uku ne kacal suka haɗu suka yi shi, irin tubalan da ake gina furotin da su: gulutamet, da sistin, da gilaisin. Jiki ba ya jiran a kawo masa shi daga waje. Kusan kowace ƙwayar halitta tana haɗa nata, amma hanta ta fi kowace gaɓa yin sa da tara shi.

A cikin tubalan nan uku, sistin ne ke ɗauke da sinadarin farar wuta, wanda a harkar taki muke kira salfa. Shi ne bakin aikin. Idan burbushin oksijin ya taso, salfan da ke jikin gulutatayon ne ke tarbarsa ya kashe masa kaifi. Bayan haka gulutatayon biyu da suka gama aiki sukan manne da juna, sai jiki ya sake raba su ya mayar da su bakin aiki, kamar yadda maƙeri ke koɗa lauje idan ya dakushe. A cikin ƙwayar halitta mai lafiya, mafi yawansa yana nan a wase, kaɗan ne ke jiran gyara. Wannan gyaran yana buƙatar ƙarfin da ake samu daga sukari da kuma bitamin B2, wanda ake samu cikin nono da ƙwai da hanta.

Sistin shi ne ya fi ƙaranci cikin ukun, don haka shi ke iyakance yawan gulutatayon da jiki zai iya haɗawa. A nan ne manomi ya shigo. Mutum da dabba ba sa iya ɗaukar salfa daga ƙasa su mayar da shi sistin. Tsiro da ƙananan halittu irin waɗanda ke cikin tumbin saniya ne ke da wannan baiwa. Kusan duk salfan da ke aiki a hantar mutum ya taɓa bi ta saiwar wani tsiro.

Aikinsa a jikin tsiro

Ganye yana cikin haɗari fiye da yadda muke zato. Da tsakar rana, lokacin da zafi ya tsananta kuma ƙasa ta bushe, tsiro yakan rufe ƙofofin numfashin da ke jikin ganyensa don kada ruwa ya tsere. Amma hasken rana bai daina sauka ba. Ƙarfin da ganyen ya kama ya rasa inda zai kai shi, sai ya faɗa kan oksijin, burbushin nan masu ɓarna su yawaita. Gulutatayon da bitamin C suna aiki tare, ɗaya na farfaɗo da ɗaya, su kwashe wannan ɓarna kafin ganye ya ƙone. Wannan na cikin dalilan da suka sa amfanin gonar da ya samu cikakken abinci ke jure ɗan tsaikon ruwa na tsakiyar damina fiye da wanda yunwa ta raunana.

A saiwar wake da gyaɗa da waken soya, cikin ƙullutun nan da ke kama naitorojin daga iska, ana samunsa da yawa, kuma idan ya yi ƙaranci ƙullutun ba sa aiki yadda ya kamata. Waken soya yana da wani nau'in da ya ɗan bambanta da na mafi yawan tsirrai. A cikin irin shuka ma, yayin da iri ke tsufa a rumbu mai zafi da laima, gulutatayon ɗinsa na ƙarewa sannu a hankali, ƙarfin tsirowarsa na raguwa tare da shi.

Akwai kuma abin da manoma da dama suka gani da idonsu ba tare da sanin dalilinsa ba. An daɗe ana fesa maganin ciyawa na atirazin a gonar masara, ciyawa ta mutu masara ta tsaya lafiya, amma idan akwai wake a tsakanin kunyoyi sai ya ƙone. Masana a Amurka sun bayyana sirrin a wajajen 1970: masara da dawa suna da wani sinadari mai hanzarta aiki wanda ke ɗaure maganin da gulutatayon nan da nan, ya zama ba shi da lahani, a tura shi ma'ajiyar shara ta cikin ƙwayar halitta. Wake ba ya iya yin haka da sauri. Wannan dabara ce kuma ta sa kamfanoni ke shafa wa irin dawa wani magani kafin shuka don ya jure maganin ciyawa na metolakilo, domin shafin yana zaburar da tsiron ya ƙara yawan waɗannan masu tsaro. Darasin da malamin gona zai ɗauka shi ne juriyar masara ga magani aiki ne da tsiron ke yi, kuma aikin yana da iyaka. Masarar da ruwa ya kwanta mata, ko wadda aka ninka wa awon magani, tana iya ƙonewa da maganin da a bara bai taɓa ta ba.

A lura cewa a 2023 hukumar NAFDAC ta sanar da tsarin janye atirazin da farakwat daga kasuwannin Nijeriya. An kawo atirazin a nan ne don bayani kawai. Shi kuwa farakwat, yadda yake kisa ya dace da batunmu: yana sa ƙwayar halitta ta riƙa fitar da burbushin oksijin ba tsayawa har sai masu tsaron sun ƙare. Haka yake yi wa ganye cikin kwana ɗaya, haka kuma yake yi wa huhun mutumin da ya sha shi, kuma ba shi da makari. Duk wanda ke da ragowarsa a gida, musamman wanda aka juye a kwalbar lemo, ya sani yana ajiye da ajali kusa da yaransa.

Matsalar salfa a gonakinmu

Ƙasar yankin sabana, musamman mai yashi da ƙarancin ruɓaɓɓen ganye, ba ta da wadatar salfa. Mafi yawan salfan ƙasa yana ɗaure ne cikin ruɓaɓɓun abubuwa, don haka gonar da ake nomawa kowace shekara ana kwashe kara da harawa ba a mayar mata da komai tana tsiyacewa. Ƙona gona ya fi muni, domin salfa da naitorojin suna bin hayaƙi su tafi, tokar da ta rage ba ta riƙe su sai kaɗan.

A da, manoman gyaɗa suna samun salfa ba tare da sun nema ba, saboda takin supa yana ɗauke da kimanin kashi 12 cikin 100 na salfa. Buhu ɗaya mai kilo 50 ke nan yana da kusan kilo 6. Da aka karkata ga yuriya, wadda ke da kashi 46 cikin 100 na naitorojin amma babu salfa ko kaɗan, da kuma wasu nau'o'in kamfa da ba a sa musu shi ba, sai wannan kyauta ta yanke. Takin amoniyam salfet yana da kashi 21 na naitorojin da kashi 24 na salfa, sai dai yawan amfani da shi shekara da shekaru yana sa ƙasa tsami, don haka a yi hattara da shi a yankunan da ƙasarsu ta riga ta yi tsami.

Alamar ƙarancin salfa tana kama da ta ƙarancin naitorojin, kuma a nan ne ake yawan kuskure. A duba inda rawayar ta fara. Idan tsofaffin ganyen ƙasa ne suka fara yin rawaya, naitorojin ne. Idan kuwa sababbin ganyen sama ne suka koɗe alhali na ƙasa suna kore, a zargi salfa. Na sha ganin gonar da aka ƙara wa yuriya sau biyu saboda rawayar ganye, ba ta farfaɗo ba, mai gonar yana cewa takin jabu aka sayar masa. Takin ba jabu ba ne, abin da tsiron ke nema ne babu a ciki. Tsiro yana buƙatar kimanin kashi ɗaya na salfa ga kowane kashi 15 na naitorojin kafin ya iya gina furotin.

Albasa da tafarnuwa da kabeji sun fi sauran amfanin gona cin salfa, domin yajinsu da ƙamshinsu daga gare shi suke. Manoman fadama su riƙa karanta jikin buhu kafin su saya, su ga ko an rubuta harafin S da adadinsa. Takin gargajiya, musamman kashin kaji, yana mayar wa ƙasa da salfa a hankali. Game da magungunan feshi na ganye da ake cewa suna ɗauke da gulutatayon, ra'ayina shi ne kuɗin ya fi amfani idan aka sayi supa da shi. Tsiron da ya samu salfa da naitorojin da ruwa zai haɗa nasa.

Dabbobi da kaji

A 1960 'yan talotalo sama da 100,000 suka mutu a Ingila bayan sun ci abincin da aka haɗa da tunkuzar gyaɗa daga Burazil. Binciken wannan annoba ne ya kai ga gano gubar afulatoksin, wadda wata funfuna ke fitarwa a kan gyaɗa da masara. Hanta ce ke karɓar wannan guba, kuma hanya mafi muhimmanci da take bi ta kashe ta ita ce ɗaure ta da gulutatayon. Ɓeran gida yana da ƙwarewa sosai a wannan aiki, shi ya sa gubar ba ta cika yi masa illa ba. Talotalo da 'yan agwagwa ba su da ita, shi ya sa suke saurin mutuwa. Ɗan Adam bai kai ɓera ba ko kusa. Don haka al'adar ware ruɓaɓɓen hatsi a zuba wa kaji asara ce aka sauya wa wuri: ƙwai ya ragu, girma ya tsaya, rigakafi ya ƙi kamawa. A saniya kuma wani kaso na gubar yana fitowa cikin madara.

Masu haɗa abincin kaji sun san ana ƙara metiyonin a cikinsa. Dalili shi ne masara da waken soya ba su da isasshensa, kuma daga metiyonin ne jiki ke yin sistin, wanda ake buƙata don gashi da kuma gulutatayon.

Akwai wani abokin aiki da ba a raba shi da gulutatayon, wato sinadarin seleniyam. A 1973 aka tabbatar cewa ɗaya daga cikin manyan sinadaran da ke amfani da gulutatayon wajen share ɓarnar oksijin ba ya aiki sai da seleniyam. Ƙarancinsa tare da na bitamin E yana jawo wa 'yan raguna da 'yan maruƙa ciwon da ke sa tsoka ta yi fari ta raunana, ɗan dabba ya kasa tsayuwa. Sai dai tazarar da ke tsakanin isasshen seleniyam da wanda ke kisa ƙanƙanuwa ce, kada makiyayi ya yi allurarsa sai da umurnin likitan dabbobi. Haka nan a lokacin da albasa ta yi araha, kada a cika wa shanu ciki da ragowarta. Sinadaran albasa idan sun yi yawa suna rinjayar kariyar jajayen ƙwayoyin jini su farfashe, fitsari ya yi ja. Shanu sun fi tumaki da awaki saurin kamuwa.

Lafiyar manomi da iyalinsa

A jikin mutum, gulutatayon yana kare jajayen ƙwayoyin jini da idon gani da huhu, yana taimaka wa garkuwar jiki, yana kuma farfaɗo da bitamin C bayan ya yi aiki. Yawansa yana raguwa da tsufa, da shan giya, da rashin abinci mai gina jiki. An lura cewa yaran da ke fama da tamowa mai kumburi suna da ƙarancinsa ƙwarai a jininsu.

Misalin da ya fi fito da muhimmancinsa fili shi ne maganin farasitamol, wanda babu gidan manomi da ba a samunsa. Idan aka sha shi bisa ƙa'ida, hanta tana mayar da ɗan kaso kaɗan nasa wata guba, gulutatayon ya kama ta nan take. Idan aka wuce ƙa'ida, ma'ajiyar ta ƙare, gubar ta fara cin hantar kanta. Babban mutum mai lafiya kada ya wuce giram 4 a yini, wato ƙwaya 8 masu miligiram 500, kuma a tuna magungunan mura da na ciwon jiki da yawa suna da farasitamol a ciki. Haɗe-haɗen ƙwayoyin da ake ƙulla wa ma'aikatan gona a leda don gajiya suna da wannan haɗari. Makarin da asibiti ke bayarwa wani nau'in sistin ne da ke ba hanta damar sake cika ma'ajiyarta, kuma ya fi aiki idan an ba da shi cikin awa 8 na farko. Mutumin na iya zama kamar lafiyarsa ƙalau a ranar farko, kada wannan ya hana a kai shi asibiti.

Akwai kuma wata larura ta gado da ake kira ƙarancin G6PD, wadda ta yawaita a Afirka ta Yamma, musamman ga maza. Jajayen ƙwayoyin jinin mai wannan larura ba sa iya farfaɗo da gulutatayon da sauri. Yana zaune lafiya har sai ya haɗu da wasu magunguna, ko kafur ɗin nan fari da ake sakawa cikin akwatin tufafi. Sai jini ya farfashe, ido ya yi rawaya. Ga jariri sabon haihuwa, wannan shawara tana iya taɓa ƙwaƙwalwa. Malaman gona mata da ke shiga gidaje su gargaɗi masu jego kada su adana kayan jariri da kafur.

Masu noman rogo su ma batun ya shafe su. Jiki yana kashe gubar sayanayid da ke cikin rogo mai ɗaci ne da salfan da yake samu daga sistin da metiyonin, wato daga rumbu ɗaya da gulutatayon ke ɗiba. Rogo kuwa kusan ba shi da furotin. Mutumin da ke rayuwa a kan rogon da ba a jiƙa ko aka tsima sosai ba, babu kifi babu wake, yana ɗora wa jikinsa guba yana kuma hana shi makarinta. Farfesa Osuntokun na Jami'ar Ibadan ya yi bincike mai zurfi a shekarun 1960 kan wata cutar jijiya da ke da alaƙa da cin rogo a kudu maso yammacin Nijeriya. A Kwango da Mozambik kuma an sha fama da cutar konzo, wadda ke shanye ƙafafun yara da mata farat ɗaya a shekarun fari, lokacin da yunwa ke sa a gajarta sarrafa rogo.

Abinci ko ƙwaya?

Ana samun gulutatayon cikin ɗanyen ganye da 'ya'yan itace da sabon nama, amma doguwar dahuwa tana rage shi, kuma hanji yana farfasa mafi yawan wanda aka ci zuwa tubalansa uku. Abin da jiki ya fi buƙata shi ne kayan haɗi. Ƙwai da kifi da nama da nono suna da sistin da metiyonin da yawa. Ga gidan da waɗannan ke wuyar samu, riɗi yana da metiyonin mai kyau, gero ma ya fi wake a wannan fanni, shi kuma wake ya cike abin da hatsi ya rasa. Haɗa hatsi da wake a tukunya ɗaya, ko barbaɗa riɗi a kwaɗon zogale, hikima ce da ta riga bincike. Albasa da tafarnuwa da kabeji suna zaburar da hanta ta ƙara ƙoƙari, gwaiba da lemo kuma su kawo bitamin C.

Gwaje-gwajen da aka yi a kan ƙwayoyin gulutatayon na sha sun saɓa wa juna. Wani na mako huɗu bai ga wani sauyi ba, wani na wata shida da aka buga a 2015 ya ga yawansa ya ƙaru a jini. Ƙaruwa a jini kuwa ba ita ce warkar da cuta ba, kuma babu hujjar da ta nuna yana maganin ciwon suga ko hawan jini ko ciwon daji kamar yadda masu talla ke faɗa. Allurarsa da ake yi don hasken fata ta fi tayar da hankali. Tun 2011 hukumar kula da magunguna ta ƙasar Filifin ta yi gargaɗi a kanta, bayan rahotannin illa ga ƙoda da fata.

Kariya mafi araha ita ce rage wa hanta lodi tun daga gona. A 2004 gurɓatacciyar masara ta kashe mutum 125 a gabashin Kenya. A girbe masara da gyaɗa a kan lokaci, a shanya su a kan tabarma ko leda ba a kan ƙasa ba, a tsince masu funfuna a binne ko a ƙona, a kuma ɗora buhuna a kan katako nesa da bango. Maganin Aflasafe, wanda cibiyar IITA ta Ibadan ta samar tare da abokan aikinta, ana watsa shi a gona mako biyu zuwa uku kafin masara ta fitar da fure, a kan awon kilo 10 a kowace hekta.